Barcin Direba Yana Cikin Jarin Mai Shanu

Jawabin da sakataren ƙungiyarmu, reshen Libreville, ya yi a taron makiyaya da fataken shanu da direbobi, gabanin lodin Babbar Salla.



Malamai iyayenmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin jama'a, Allah ya ja zamaninku. Alhazai fatake, da dillalai, da mahauta, da 'yan'uwana makiyaya, da ku direbobi da yaran mota da kuka ajiye motocinku kuka amsa kiranmu, ina yi wa kowa barka da zuwa, sannunku da hanya.

An ɗora mini in yi magana yau a kan abu guda: awa nawa ya kamata direban motar shanu ya yi yana tuƙi, kuma awa nawa ya kamata ya huta. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan ƙungiyar makiyaya da barcin direba? To, da ruwanmu. Sa guda sai ya shekara huɗu ko biyar ana kiwonsa, ana yi masa allura, ana ba shi kanwa, ana kai shi mashaya, sa'an nan a kwashi wannan wahala duka a ɗora bisa mota, a damƙa a hannun mutum ɗaya. Idan idon mutumin nan ya rufe na ƙiftawa kaɗan, wahalar shekara biyar ta tafi rami, tare da yaranmu da ke zaune a saman mota suna rakiya.

Hanyar da shanunmu ke bi

Kowa ya san Gabon ƙasar kurmi ce, ga ƙudan tsando, ga sammore. Shanunmu na arewa ba sa jure zamanta. Ko garken da ake kiwo a Nyanga, can kudu, yawancinsa Ndama ne, 'yan gajerun shanun nan masu jimirin tsando, kuma ba su isa ƙasa ba. Naman da ya fi yawa a kasuwa na sanyi ne, wanda jiragen ruwa ke saukewa a Owendo. Mai son dabba da ranta, don layya ko suna ko yankan mahauta na kullum, sai ya dubi arewa. Gudali da jajayen shanu da farare daga Adamawa ta Kamaru suke fitowa, wasu ma tun daga Chadi. Da yawansu a Ngaundare ake sa su jirgin ƙasa, su yi fiye da kilomita 600 zuwa Yawunde. Daga nan sai mota: Ebolowa, Ambam, a zo kan iyaka, ko ta Abang-Minko a haye kogin Ntem zuwa Eboro, ko ta Kye-Osi. Sai Bitam, Oyem, Mitzik, Lalara, Njole, Bifun, Kango, Ntum, kana a shigo Libreville.

Daga Yawunde zuwa nan wajen kilomita 900 ne. Daga Bitam kaɗai wajen 600. Babbar mota da lodin shanu, da hawa da gangara, da lanƙwashe-lanƙwashen bakin kogin Ogowe a wajen Njole, da motocin gungumen katako da ake gamuwa da su, da ruwan sama na watan Oktoba da Nuwamba, idan ta yi kilomita 40 cikin awa guda a lissafin tafiya gaba ɗaya, ta yi ƙoƙari. Ku raba da kanku. Bitam zuwa Libreville ya zama awa 15 hannu na kan sitiyari. Yawunde zuwa Libreville ya haura awa 22. Wannan fa ban sa zaman kan iyaka a ciki ba, ban sa tsayuwar shingen jandarma da na duwan ba, ban sa facin taya ba. Amma a cikinmu akwai wanda ke so mutum ɗaya ya yi wannan tafiya a zama ɗaya, har yana yabonsa da cewa namiji ne, ba ya barci.

Barci ɓarawo ne

Jama'a, ba a haifi wanda ba ya barci ba. Abin da ke faruwa shi ne, direban da ya ƙi ba wa barci lokacinsa, sai barcin ya riƙa satarsa kaɗan-kaɗan. Ido a buɗe, hannu a kan sitiyari, amma kai ya tafi na daƙiƙa uku ko huɗu, shi kansa bai san an yi ba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu kusan mita 70 ke nan mota ta yi babu mai jan ta. A miƙaƙƙiyar hanya ana iya dacewa. A lanƙwasar Njole, mita 70 ta isa kogi.

A shekarar 1997 masu bincike a ƙasar Ostareliya sun gwada mutane, suka tarar wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, lura da saurin hannunsa sukan ragu daidai da na wanda ya sha giya har ta kai iyakar da ƙasashe da dama ke hana mutum tuƙi. Wanda ya cika awa 24 kuwa, kamar ya ninka wannan sha ne. A cikinmu babu wanda zai ba mashayi makullin mota da shanu talatin a bayanta. To, don me za mu ba wanda ya kwana biyu bai kwanta ba? Ga hanya duk ɗaya suke, ko da shi wannan bawan Allah bai taɓa kurɓar haram ba.

Kuma barci yana da lokutan da ya fi ƙarfi. Na farko daga wajen ƙarfe biyun dare zuwa Asuba. Na biyu bayan Azahar, musamman idan ciki ya cika. Alamunsa a fili suke: yawan hamma, ido na yaji, wuya na sunkuyawa, mota na karkata zuwa tsakiyar hanya ko gefe, mutum ya wuce ƙauye bai tuna ya wuce shi ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, lokacin tsayawa ya riga ya yi.

Goro da kofi da shayi mai kauri suna ɗan ture barci na ɗan lokaci, ba sa biyan bashinsa. Buɗe gilashi da ƙure rediyo da watsa ruwa a fuska, duk na 'yan mintoci ne. Ƙwayar nan kuma ta taramol, wadda yaran ƙasar nan ke kira kobolo, ita ce mafi sharri, domin tana ɓoye wa mutum gajiyarsa alhali gajiyar tana nan, ga ta da sa farfaɗiya idan aka yawaita. Maganin barci ɗaya ne tun zamanin kakanni, shi ne a kwanta.

Ma'aunin da wasu ƙasashe suka yi

Ƙungiya ta sa an tattaro mana yadda wasu ƙasashe suka auna wannan al'amari, ga shi zan faɗa muku a taƙaice.

A 1979 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a zamanta na Janeba, ta yi yarjejeniya mai lamba 153 a kan direbobin manyan hanyoyi. Ta ce kada direba ya wuce awa 4 yana tuƙi bai tsaya ya huta ba, kada ya wuce awa 9 a yini, ko awa 48 a mako, kuma a cikin kowace awa 24 ya sami hutun awa 10 a jere. Ƙasashe kaɗan ne suka rattaba mata hannu, amma ma'aunin nata ya zama abin dubawa.

Ƙasashen Tarayyar Turai suna da tasu doka mai lamba 561 ta shekarar 2006, wadda ta gaji wata ta 1985. A wurinsu bayan tuƙin awa 4 da rabi dole a huta minti 45. Ana iya raba shi biyu, minti 15 da farko, 30 daga baya. Tuƙin yini awa 9 ne, an yarda ya kai 10 sau biyu a mako. A mako kada a wuce awa 56, a mako biyu a jere kada a wuce 90. Hutun kowace rana awa 11 ne, an yarda a rage shi zuwa 9 amma ba fiye da sau uku a mako ba. Ƙarshen mako kuma hutun awa 45. Motocinsu suna da wani agogo da ke rubuta lokacin da taya ta juya da lokacin da ta tsaya, ɗan sanda ya karanta, babu gardama.

A Amurka direban kaya yana da awa 11 na tuƙi, bayan ya huta awa 10 a jere. Kuma daga lokacin da ya fara aiki, ko lodi ne, ko jiran takarda, in awa 14 ta cika ba zai ƙara tuƙi ba sai ya huta.

Waɗannan dokoki na ƙasashensu ne, ba su hau kanmu a hanyar Bitam ba. Na kawo su ne don ku lura da abu guda. Ƙasashe ne masu nisa da juna, kowa da harshensa da irin hanyoyinsa, amma da suka auna ɗan Adam sai ma'aunin ya faɗi kusan wuri ɗaya: tuƙin yini tsakanin awa 9 da 11, kwanciya wajen awa 10. Su da ke da kwalta sumul da mota sabuwa ke nan. Jikin Bature da na Bahaushe da na Bafulatani duk jini da tsoka ne. Mu da ke kan hanyar da ta fi tasu wuya, mu muka fi su bukatar hutun.

Akwai kuma wani sashe a dokar Turai da nake so alhazai su saurara da kyau. Ta hana a biya direba lada bisa yawan nisan da ya ci ko yawan kayan da ya ɗauko, idan hakan zai sa shi ganganci. Kuma ta ɗora wa mai kaya da mai ba da kwangila nauyin kada su yanka wa direba lokacin da ba zai yiwu ba sai ya karya doka. Watau sun gane cewa sau da yawa mai taka totur ɗin yana zaune a gida, da waya a hannu.

Su ma shanu suna da nasu agogo

Yanzu na zo inda gizo ke saƙa. Na san abin da fatake za su ce, kuma gaskiya ce: siminti yana iya kwana a gefen hanya, shanu ba sa iyawa. Muddin mota na tafiya iska na ratsa su. Da ta tsaya cikin rana, zafi da tururin fitsari da kashi su taso, dabba ta fara haki. Wadda ta gaji ta durƙusa, 'yan'uwanta su tattake ta. Kowace awa a kan mota ba ruwa ba ciyawa, nama ne ke zubewa, kuma dabbar da ta sha wuya a hanya takan sauka da tari da zazzaɓi bayan 'yan kwanaki. Mahauta kuma sun san yadda naman wahalalliyar dabba ke yin duhu, ga tabon jini a inda ta bugu. Saboda haka mai shanu yana son mota ta yi ta tafiya, jikin direba kuma yana son mota ta tsaya. Nan rigimar take.

Mutanen waje ma sun gamu da wannan rigima. Amurka tana da doka tun 1873, zamanin da jirgin ƙasa ke jigilar shanu, wadda ta ce kada a tsare dabba a abin hawa fiye da awa 28 ba a sauke ta ba, ta ci, ta sha, ta huta aƙalla awa 5. A Turai, dokarsu ta 2005 ta ce manyan shanu a motar da aka shirya domin doguwar tafiya su yi awa 14, a tsaya aƙalla awa guda a shayar da su, su ƙara awa 14, daga nan dole a sauke su su huta awa 24. Da Amurka ta tilasta wa manyan motoci sa na'urar rubuta awoyi a watan Disamba na 2017, masu jigilar dabbobi sun yi ta kuka da irin kukanmu, har aka ɗaga musu ƙafa a kan na'urar. Ashe matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba.

To ga agogo biyu: na direba yana cewa awa 9 ko 10 a tsaya a kwanta, na saniya yana cewa kada a wuce yini da kwana ba a sauke ni ba. Mafita ita ce a daidaita agogon nan biyu tun kafin a yi lodi. In aka bari sai an hau hanya, dole ɗaya ya cutu, kuma direba ne kullum ake dannewa, domin shi ba a ganin ramarsa a sikeli.

Mu ɗora ma'aunin a kan hanyarmu

Allah da ikonsa, hanyarmu ta rabu daidai da wannan ma'auni. Bitam zuwa Mitzik ta Oyem bai kai kilomita 200 ba, wajen awa 4 da rabi ga mota mai lodi. Mitzik zuwa Njole ma kusan haka. Watau Bitam zuwa Njole aikin yini guda ne cif na direba ɗaya. Njole zuwa Libreville ya ɗan haura kilomita 200, awa 5 zuwa 6, da tsayawa a Bifun ko Kango.

Idan direba ɗaya ne, ya tashi Bitam bayan sallar Asuba, ya tsaya Mitzik da hantsi, ya isa Njole wajen La'asar, ya kwana, ya tashi bayan Asuba, ya shigo Libreville kafin Azahar. Direba ya tsira. Amma ku ƙirga, shanu sun yi kusan awa 30 a kan mota, sun kai iyakar jimirinsu. Wannan tsari ba ya kyau sai an shayar da su sun ƙoshi sun huta kafin lodi, an kuma ba su ruwa a inda aka kwana, an ajiye motar inda iska ke kaɗawa.

Idan kuwa direba biyu ne, ɗaya ya ja zuwa Mitzik, ɗaya ya karɓa zuwa Njole, na farko ya sake karɓa, suna canji, wanda ba ya tuƙi yana kwance. Da tsayuwar salla da cin abinci da duba shanu, tafiyar ba za ta wuce awa 18 ba in Allah ya kiyaye taya. An tashi da Asuba, an sauke kafin tsakar dare, ba a shiga mugun lokacin nan na ƙarfe biyu ba. Babu wanda ya wuce awa 9 a cikinsu, shanu kuma an rage musu wajen awa 12 a kan mota. Ko a Turai an yarda mota mai direba biyu ta yi tafiya mai tsawo haka kafin su kwanta.

Sai a ce kuɗi. To mu yi lissafi. A ce mota ta ɗauko shanu 30, a ce kowanne ya tsaya sefa 500,000. Dukiyar miliyan 15 ke nan a bayan mota, ban da ita motar, ban da rayuka, waɗanda ba su da farashi. Ladan direba na biyu bai kai kuɗin sa guda ba, bai ma yi kusa ba. Ramar da shanu 30 za su yi cikin ƙarin awa 12 ita kaɗai tana iya biyan sa. Wanda ya ƙi wannan don tsimi, garin neman gira zai rasa ido.

In ce direba na biyu, ina nufin mai lasin babbar mota, wanda ya san hanya. Yaron mota da ke koyo, a miƙa masa sitiyari da tsakar dare don maigidansa ya faɗi, wannan ƙarin haɗari ne.

Akwai abu biyu da ake ruɗuwa a kansu. Na farko, tsayuwar mota daban, hutun direba daban. Mutumin da ya yini a kan iyaka yana yawo daga ofis zuwa ofis da takardun duwan da na likitan dabbobi, ko ya yi awa uku a ƙarƙashin mota yana gyara, ko ya tsaya kan lodi tun safe, aiki ya yi. Kada maigida ya ce ai motar ta yini a tsaye, sai a kwana ana tafiya. Awa 17 ɗin nan da na faɗa daga tashinsa barci ake ƙirga ta, ba daga tashin mota ba. Ko an canja mota a kan iyaka ko ba a canja ba, tambayar da za a yi wa wanda zai ja daga Bitam ita ce: jiya ina ka kwana, awa nawa ka yi?

Na biyu, tafiyar dare. Gaskiya ne sanyin dare ya fi wa shanu daɗi. Wanda ya zaɓi dare, to direba ya yi barcinsa cikakke da rana a wuri mai inuwa, ba a tashe shi don lodi ba, kuma in ƙarfe biyu ta yi ya ji nauyi, ya nemi wuri mai faɗi a cikin gari ya kwanta. A watan azumi kuma a ƙara hattara, domin tashin sahur yana yanke barci, ga nauyin jiki bayan shan ruwa.

Abin da ƙungiya ke roƙo

Ga shawarwarin da shugabanni suka ce in gabatar, taro ya duba, in an yarda su zama ƙa'idarmu.

Na farko, kada direban da ke ɗauke da shanun ɗan ƙungiya ya wuce awa 4 da rabi bai tsaya minti 45 ba. Lokutan salla sun riga sun raba mana yini. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, amma tsayuwar tana da amfani: a yi alwala, a miƙe ƙafa, 'yan rakiya su ta da dabbar da ta durƙusa, a duba igiya da taya. In rana ta take, a nemi inuwa.

Na biyu, kada mutum ɗaya ya wuce awa 9 na tuƙi a yini, in ta matsa 10, kuma ya sami kwanciyar aƙalla awa 9 kafin ya sake hawa. Wanda ya sauke kaya a Libreville kada a juya shi arewa a daren.

Na uku, duk lodin da ake so ya zo daga kan iyaka a zama ɗaya, direba biyu za a sa, kuma ladan na biyun a sa shi cikin kuɗin mota tun wurin ciniki, a gaban shaidu, fatake su raba bisa yawan kawunan kowa.

Na huɗu, a daina yi wa direba alkawarin goro in ya riski kasuwar gobe, a daina zaftare masa lada in ya kwana a hanya don barci. Alhaji, Allah ya ƙara arziki, in ka kira shi a waya ka tambaye shi lafiyar shanu, ka tambaye shi ko ya huta. Kira goma a dare na "kana ina" bulala ce, kuma amsa wayar kanta haɗari ce ga mai tuƙi. A kira ɗan rakiya.

Na biyar, a ba 'yan rakiya baki. Yaranmu ne ke saman mota, su ne farkon faɗowa in ta kife. Idan yaro ya ga mota na tangaɗi ya buga bodi ya ce a tsaya, kada a zage shi, kada a kore shi daga aiki. Babban cikinsu ya riƙe ɗan littafi, ya rubuta lokacin tashi da na kowace tsayawa, ya miƙa wa ƙungiya in an sauke. Mu ba mu da agogon Turawa, amma muna da biro da takarda.

Na shida, lodin Salla a fara shi da wuri. Ranar Layya ba ta zuwa ba zato. Duk shekara a makon ƙarshe ake cunkushewa, mota ɗaya a so ta yi sawu biyu a inda sawu ɗaya ya dace, a nan ne direbobi ke kwana uku ba su kwanta ba. Wanda ya kawo dabbobinsa da sauran kwanaki, suka huta suka murmure, shi ke sayarwa da daraja.

Na bakwai, shugabanni za su nemi ganin hukuma da masu gari a kan a ba mu fili a tsakiyar hanya, wajen Mitzik ko Njole, mai ruwa da shinge da tudun sauke dabbobi, da rumfar da direba zai kwanta. Za mu kuma ci gaba da kai kuka a kan yawan tsayarwa a hanya. Ƙasashen CEMAC shida sun amince da zirga-zirgar jama'arsu, Gabon ma ta buɗe tata ƙofa a 2017, akwai kuma hukumar CEBEVIRHA da ke Njamena wadda aka kafa don harkar dabbobi da nama a tsakanin ƙasashen nan. Hujjarmu a gabansu mai sauƙi ce: duk awar da aka ci wa motar shanu a shinge ba dalili, daga barcin direba ake fanshe ta. Amma mu ma sai takardunmu sun cika, na mota da na dabbobi, don kada mu ba da ƙofa.

Ku kuma direbobi, 'yan'uwa, mun san abin da kuke sha. Mun san akwai mai tsoron in ya ce ya gaji, gobe a ba wani motar. Shi ya sa muke so wannan ta zama ƙa'idar kowa, domin in kowa ya bi, babu wanda za a canja saboda ya kwanta. Ku riƙe mana amana, ku bar ƙwaya, ku faɗi gaskiyar awoyinku. Idan barci ya kama ka a tsakanin gari da gari, kwanciyar minti 20 a wuri mai aminci, da alama a gaba da bayan mota, tana iya kai ka zango na gaba. Duk maigidan da ya ci zarafinka a kan haka, ka kawo ƙara ofishin ƙungiya, za a zauna da shi.

Kakanninmu da suka kora shanu da ƙafa daga arewa zuwa kurmi suna da zango, sun san inda ake yada sanda, sun san inda ake shayarwa, ba su taɓa cewa jarumta ce a wuce zango ba. Mota ta rage mana watanni zuwa kwanaki, sauran 'yan awoyin da muke ƙoƙarin ƙwacewa daga idon direba ba su kai abin da muke sa wa a caca ba. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Dabba amana ce, direba amana ne, yaron da ke saman mota ɗan wani ne, duk za a tambaye mu.

Iyakar abin da ke bakina ke nan. Malamai su yi mana addu'a, sa'an nan a buɗe fili, direbobi su fara magana, domin su suka san hanya. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kansu, ya sa albarka a dukiyarmu, ya kai mu Salla lafiya.